Raɗar Gahawa

A shagonmu akwai doka guda da na taso na tarar: ɗanyar gahawa ba ta fita. Soyayyiya za ka saya, ko a niƙa maka ko ka tafi da ƙwayarka, amma koriyar nan da ke cikin buhu, ko ɗaya ba ta tsallake ƙofa. Baba ne ya kafa dokar, kuma idan tsautsayi ya sa ka tambayi dalili, to ka nemi wurin zama, don sai ka sha tarihin gahawa tun daga tushe.

Na haddace tarihin nan tun ban san ma'anar rabinsa ba. Bishiyar, in ji Baba, a tsaunukan Habasha ta fara. Labarin makiyayin da ya ga awakinsa suna tsalle bayan sun ci 'ya'yanta kuwa, ba ya ko so a tayar da shi. Ya ce duk wanda ya taɓa kiwon akuya ya san ba ta neman dalili kafin ta yi tsalle. Daga can sai gahawa ta haye teku zuwa Yaman, inda masu ibada suka riƙa shanta don barci ya ƙyale su. A nan ne muryar Baba ke yin laushi, don a nan gwanayensa suke: fataken bakin teku, waɗanda ba sa barin buhu ya hau jirgi sai sun tsoma ƙwayar a ruwan zafi ko sun ɗan babbaka ta, yadda ko ka shuka ba za ta tsiro ba. Duniya ta sha, iri kuma yana hannunsu. Aka daɗe a haka, har ranar da wani matafiyi mutumin Indiya ya ɗaure ɗanyun ƙwayoyi bakwai a cikinsa, ya rufe da riga, ya bi ta gaban masu gadi yana yi musu sai an jima.

Baba bai taɓa kiran mutumin nan da wani suna ba sai “ɓarawon nan”. Yana faɗa yana ƙwanƙwasa tebur da yatsa, kai ka ce daga buhunsa aka ɗebi bakwai ɗin.

Ni kuwa da yake bakina ba ya shawara da ni, na taɓa tuna masa cewa yawancin buhunan da ke ɗakin baya daga ƙasashen da ɓarawon da ire-irensa suka kai wa iri suke zuwa, da ba don su ba da yanzu Baba takalma yake sayarwa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce in je in share gaban shago. Wata rana kuma wata mata ta zo neman ɗanya, an gaya mata tana rage ƙiba. Ta sha tarihi na awa guda a tsaye, ta fita hannu rabbana. Da ta tafi na ce masa ai ƙwayar da ta bushe ta yi wata da watanni a buhu da wuya ta tsiro, ko ya ba ta ba abin da zai faru.

“Haka masu gadin nan suka gaya wa kansu,” ya ce.

Katako ne ya raba shagon gida biyu. Gaba wurina ne: teburin awo, sikeli da duwatsunsa na ƙarfe, injin niƙa, jakunkunan takarda, benci na masu sha a nan take, sai kujerata da ke jingine da katakon. Baya kuwa ɗakin suya ne, inda buhuna suke, da wata tsohuwar ganga ta ƙarfe mai mariƙi a kan wutar gas, da faffaɗan faranti mai huda-huda da ake juye gahawa ta huce. Gangar ba ta da tagar leƙawa, ba ta da ma'aunin zafi. Kullum da safe Baba zai shiga ya danna sakata, ya yi suya biyu, ya fito yana share zufa. Ni sai bayan an gama nake shiga, da tsintsiya.

Yayana aka so ya gaji aikin. Yana da shekara sha biyar Baba ya shigar da shi, bai yi minti goma ba ya fito yana tari, hawaye shaɓe-shaɓe, ya ce shi hayaƙi ba ya yi masa. Yanzu a kantin magani yake aiki, shayi da madara yake sha, abin da Baba ya ɗauka a matsayin jarrabawa da ba a maganarta a gaban baƙi. Ni sau biyu na roƙa a shigar da ni. Baba ya ce ba ya raina hannuna, bakina yake tsoro. Shi ne ya sa mini Rediyo tun ina firamare, kuma ya ce idan ya nuna mini sirrin ranar Litinin, kafin Laraba har mai gyaran taya a bakin titi ya iya. Akwai gaskiya a ciki, amma ya yi mini ciwo ƙwarai, na dai binne ciwon a cikin surutu kamar yadda na saba.

Abin da Baba ya manta shi ne katako ba bango ba ne. Shekara ashirin da biyu ƙeyata tana jingine da shi. Na yi aure ina kan kujerar nan, na haifi uku ina komawa kanta. Duk suyar da aka yi a bayana na ji ta.

Da farko ƙwayar tana zubewa a cikin ganga da nauyi, kamar tsakuwa a gwangwani. Can sai sautin ya yi sauƙi, ruwan jikinta ya fita ke nan. Daga nan ta fara abin da na sa wa suna tari: fas, fas, fas, kamar ana karya busassun ƙirare. Makunnin gas ya yi ɗan kukansa, Baba ya rage wuta. Sai shiru ya biyo baya, ba ka jin komai sai juyin mariƙi. Bayan shirun ne raɗa ke zuwa, wata siririyar ƙara ƙasa-ƙasa, kamar ana murza leda a ɗaki na gaba. Raɗa ta ɗaya, ta biyu, ta uku, sai ka ji shaaa, ya juye a faranti. Ban taɓa zama don in koyi wannan ba. Shiga kunnena ya yi ina auna wa mutane, yadda waƙar maƙwabci ke shiga kan mutum ba da izininsa ba. Na kuma taɓa jin Baba yana gaya wa wani cewa hanci ba ya kawo labari sai ɓarna ta riga ta faru, shi da kunne yake aiki.

Bara, wajen tsakiyar shekara, raɗa ta fara tsawo. Uku ta koma shida, shida ta koma goma, har ta zama gulma sosai, ina zaune ina jin ƙwayar tana ta magana babu mai amsa mata. Gahawa ta riƙa fitowa baƙa wuluk, tana ƙyallin mai, da ɗan warin gawayi a ƙarshen harshe. Baba ya ɗora laifin a kan buhun. Da aka buɗe wani buhun ya koma kan gas. Da aka canza tukunyar gas ya ce masu shanya gahawa na yanzu ba su da tsoron Allah.

Mai Agogo ne ya fara ba ni tausayi. Shagonsa na gyaran agogo yana manne da namu, abokin Baba ne na shekara arba'in, kuma kullum sai ya zo ya sha finjali ɗaya a kan benci, ba sukari, don a wurin Baba sa wa gahawa sukari cin mutunci ne. Wata safiya Baba ya juya baya, sai na ga tsohon nan ya zaro ƙwayar sukari daga aljihu ya jefa a finjali da saurin da ban san yana da shi ba. Muka haɗa ido. Na ce, “Baffa,” ya ɗora yatsa a leɓe. Daga baya ya ce mini harshensa ne ya tsufa. Na ce Allah ya ƙara lafiya, muka bar ta a haka.

Umma ta riga kowa sanin cewa kunnen Baba ne ya fara nauyi, don ita ke zaune da shi da akwatin talabijin da yanzu ake jinsa daga bakin layi. Tarin gahawa yana jinsa, ƙara ce mai kauri. Siririn sauti ne ya gudu masa: kukan tsuntsu, ƙarar cokali a kofi, muryar autata. Umma ta ja mini kunne kada in kuskura in tayar da zancen. Ta ce sau ɗaya ta gwada, ya yi kwana uku yana fushi, yana cewa mutanen gidan nan duk sun koyi magana a ciki-ciki. Yaya ma ya kawo masa takardar tallar na'urar da ake maƙalawa a kunne. Baba ya karɓa ya yi godiya, washegari na ga ya ƙunsa wa wani direba gahawa a ciki.

Masu saye sun fara raguwa, amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Tsorona shi ne wata rana wani baƙo da bai san Baba ba zai kurɓa ya ajiye finjali ya ce wannan ai ta ƙone. Na san mahaifina. Ba zai yi musu ba, ba zai nemi taimako ba, zai lulluɓe gangar da buhu ne ya koma gida ya zauna. Kuma ban san abin da zai rage na Baba ba idan aka cire gangar nan.

Ranar da na fara yar da dutsen awo, wallahi ba shiri na yi ba. Ina auna wa wata mata rabin kilo, na ji raɗa ta ɗaya, ta biyu, ta uku, mariƙi kuma yana ta juyawa abinsa. Hannuna yana kan dutsen kilo guda. Ban san lokacin da na ture shi ba. Daɓen shagon na katako ne, ya faɗi ya yi wata irin ƙara da sai da kwalabe suka amsa, kuma ko wanda ba ya ji sai ya ji ta a tafin ƙafarsa. Baba ba ya barin gahawa a kan wuta ya buɗe ƙofa ko da gobara ake yi, don haka sai da na ji shaaa tukuna sakata ta buɗe. Ya leƙo ya tambayi wa ya mutu. Na ce dutse ne ya kuɓuce mini. Ya yi mini faɗa na minti biyar a kan mutanen da ba su san darajar kayan aiki ba, ya koma.

Gahawar ranar nan ta fito kamar ta da, ruwan ƙasa mai duhu, ba ƙyalli, ƙamshinta har titi. Baba ya ce ai ya faɗa, gas ne.

Daga ranar na zama mace mai sakin hannu. Sau biyu kowace safiya dutse ya kuɓuce mini. Baba ya juye, ya leƙo, ya yi faɗa, ni kuma in sunkuyar da kai in ce ya yi haƙuri. Daɓen ya lotsa a gefen kujerata. Sau ɗaya na yi kuskuren awo dutsen ya sauka a kan babban yatsana na ƙafa, na cije leɓe na gama sallamar mai saye kafin na je bayan tebur na yi hawayena. Mai Agogo, da yake aikinsa lura da lokaci ne, bai yi mako ba ya gane cewa dutsena yana faɗuwa kusan minti sha huɗu bayan an danna sakata. Sai ya riƙa duba agogonsa, idan lokaci ya matso ya ɗage ƙafafunsa sama ya rufe finjali da tafin hannu. Bai taɓa ce mini komai ba. Sukari dai ya daina zuwa da shi.

A hankali faɗan Baba ya ragu, wani abu ya maye gurbinsa. Ya riƙa kallon hannuna idan ina zuba gahawa a jaka. Ya tambaye ni ko ina barci sosai, ko baban yara yana ɓata mini rai. Umma ta kira ni tana dariya har tana shaƙewa, ta ce ya zaunar da ita ya gaya mata cewa yarinyar nan hannunta yana rawa, a kai ta a duba. Ya tura wa Yaya saƙo, Yaya ya zo da kwalbar ƙwayoyin ƙarin kuzari ya miƙa mini a gaban Baba, fuskarsa a murtuke don kada dariya ta ƙwace masa. Wata biyu ina haɗiyar ƙwayoyin nan kullum, Baba yana tsaye a kaina da kofin ruwa.

Wata Litinin na zo na tarar ya riga ni, da kwali a kan tebur. Sikelin lantarki ne, irin mai nuna lamba. Baba, wanda ya sha cewa shi bai yarda da awon da ba ya ganin nauyinsa da ido ba. Ya riga ya tattara tsohon sikelin da duwatsunsa ya kai ɗakin baya. Na duba tebur, har ƙaramin turmin tagulla da muke ajiyewa don ado ya ɗauke. Babu abin da ya rage sai ludayin roba da jakunkunan takarda.

“Uwata,” ya ce, sunan da ba ya kirana da shi sai ransa ya yi taushi, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, “hannunki ya huta.”

Na yi godiya. Sai na ga ya jawo ƙaramin buhun nan da yake ɓoyewa a saman kabad. Gahawar Yaman ce, ƙananan ƙwayoyi marasa fasali, da ƙyar yake samun rabin buhu a shekara, yana lallaɓa ta kamar ƙwai. Ya ɗebi na suya ɗaya ya shige, ya danna sakata.

A shagon akwai Mai Agogo a kan bencinsa, da wata ma'aikaciyar jinya da ke jiran a niƙa mata, da wani direban tasi. Na ji tsakuwa ta yi sauƙi. Na ji tari. Na ji makunni ya yi kukansa. Cikin shirun nan na dudduba ko'ina ina neman abu mai nauyi. Na ɗaga sabon sikelin, ashe ko kaza ta fi shi nauyi. Na buga ƙafa a daɓe, silifas ne a ƙafata, ko ni ban ji ba. Mai Agogo ya duba agogonsa, ya ɗage ƙafafu bisa sabo, ya tsaya a haka yana kallona.

Raɗa ta ɗaya. Ta biyu. Ta uku. Mariƙi yana juyawa.

Zan iya yin shiru. Gahawar ta ƙone, Baba ya zagi masu shanya, mu ƙara kwana ɗaya ba a faɗi komai ba. A raɗa ta biyar na tuna yadda ya ɗauko buhun nan da hannu biyu. Na tashi na dunƙule hannuwana na daki ƙofar da dukkan ƙarfina, na ɗaga muryar da ya sa mini Rediyo saboda ita.

“Baba, juye. Ta fara raɗa, ka juye yanzu.”

Na tabbata har mai gyaran taya ya ji. Mariƙi ya tsaya. Sai shaaa.

Sakata ba ta buɗe ba. Direban ya ga wani abu a rufin shago da ya ɗauke masa hankali. Ma'aikaciyar jinyar ta shiga binciken jakarta. Na niƙa mata, na auna a sabon sikelin, hannuna yana rawa da gaske a karon farko. Mai Agogo ya sauke ƙafafunsa a hankali, ya ce ya tuna akwai wani agogon bango da ya bari a buɗe. Shago ya zama daga ni sai katako.

Can na ji sakata. Bai fito ba. Daga ciki ya ce in shigo.

Ɗakin ya cika da hayaƙi mai ƙamshi. Gahawar tana kan faranti, ta ɗan zarce kaɗan amma ta tsira. Baba yana juya ta da ludayin katako, bai ɗago ba. Ya tambaye ni tun yaushe. Na matsa gabansa yadda zai ga bakina, na ce wanne, tun yaushe nake ji, ko tun yaushe ya daina ji. Ya ce duka. Na ce shekara ashirin da biyu, da wata takwas.

Ya ci gaba da juyawa har ƙwayar ta daina hayaƙi.

“Na lura dutsen ba ya faɗuwa da yamma,” ya ce. “Ba ya faɗuwa ranar da ban kunna wuta ba. Na sayo sikelin ne don in san ko hannunki ne ko kunnena.” Ya ajiye ludayin. “Allah ya yafe mini, Uwata. Tun daga kanti har na iso nan, fata nake hannunki ne.”

Ban ji haushinsa ba ko kaɗan. Tausayinsa ne ya kama ni. Na buɗe baki in ce wani abu a kan ƙwayoyin Yaya da na sha a banza da farcena da ya yi baƙi, Rediyo ta ƙi kamawa. Na tsaya kawai ina share ido da bakin mayafi, ina cewa hayaƙi ne.

Ya zauna a kan buhu. Ya dubi gangar, ya shafa mariƙin da hannunsa ya cinye har ya yi santsi. Sai ya faɗi abin da na yi wata da watanni ina yar da dutse don kada in ji. Ya ce to shi ke nan, mutum ba ya suya da kunnen aro, gobe zai lulluɓe ta. Ya faɗa a hankali, ba fushi, kuma wannan ya fi tsorata ni.

A nan bakina ya dawo, Allah ya taimake ni. Na durƙusa a gabansa na yi magana da ƙarfi, kalma-kalma. Na ce ni lokaci kawai na sani. Ban san yawan wutar da ake farawa da ita ba, ban san saurin juyi ba, ban san abin da wannan buhun yake so da wancan ba ya so ba, hannuna bai taɓa riƙe mariƙin nan ba sai in zan share ƙarƙashinsa. Na ce idan ya lulluɓe gangar, jibi zan yaye buhun in kunna wuta da kaina, in soya yadda ta zo mini, kuma duk wanda ya kurɓa ya yamutsa fuska zan gaya masa cewa ni 'yar wane ce, a wurinsa na koya. Na ce ya san ni, kafin Laraba gari ya ɗauka.

Na ga gefen bakinsa yana motsi, yana danne shi. Ya ce ban da kunya. Na ce a shagonsa na girma. Na miƙe na kai hannu wajen mariƙin don in nuna masa da gaske nake, yatsuna ba su kai ga taɓa shi ba ya daka mini tsawa.

“Ba haka ake riƙe shi ba. Matsa.”

Suya ta biyu ta ranar tare muka yi. Shi ke juyi, ni ina tsaye a bayansa da ido a rufe, a raɗa ta uku na taɓa kafaɗarsa ya juye. Bai ce ta yi kyau ba. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya fasa da haƙori, ya tauna, ya ce gas ɗin nan ba laifi.

Yanzu Umma ce ke zama a gaba da safe. Abu na farko da Baba ya yi washegari shi ne ɗauke kujerata daga jikin katako ya kai ta can bakin ƙofa, ya ce matar nan ma kunnenta ba na yarda ba ne. Sakata har yanzu ana danna ta, mu biyu dai ne a ciki. Ina juyi rabin lokaci, yana tsaye yana gyara mini gwiwar hannu, yana cewa a haka sai na shekara goma. Na'urar Yaya kuwa ya karɓa a ƙarshe, tana cikin aljihunsa, yana fito da ita ya nuna wa mutane.

Watannin baya wani malamin makaranta ya yi tsautsayin tambayar dalilin da ba ma sayar da ɗanya. Baba ya zaunar da shi, aka taso daga Habasha, aka kori awaki, aka haye teku. Ina niƙa ina jiran bakwai ɗin. Ya ce “ɓarawon nan” kamar kullum, ya ƙwanƙwasa tebur kamar kullum. Amma sai ya ƙara wani abu da ban taɓa ji ba. Ya ce shi fa ya yi tunani, mutum ya ɗaure abu a ciki ya bi ta gaban mai gadin da ya shekara yana wannan aikin, da wuya a ce bai gani ba. Wataƙila dai mai gadin ya tsufa ne, ya gaji da tsaron abin shi kaɗai. Sannan ya sunkuya wajen kunnen malamin ya sassauta murya, a ganinsa, yadda har Mai Agogo ya ji daga shagonsa.

“Ni ma ina da irin ɓarawon a nan. Ita ta jikin katako ta yi tata satar.”

Da yamma na isa gida ina neman makulli a jaka, hannuna ya taɓo wani ɗan ƙunshin takarda da ban san da shi ba. Na warware. Ɗanyun ƙwayoyi ne, ƙanana marasa fasali, na ƙaramin buhun nan. Ban tsaya ƙirgawa ba, na san ko nawa ne. Na zauna a bakin ƙofa da takalmi a ƙafata na yi kukan da ban yi a ɗakin suya ba, yara suna tsaye suna kallona.

Na shuka su a gwangwanin madara na ajiye a taga, ko da yake ni ce da bakina na gaya masa irin wannan da wuya ta tsiro. Bai taɓa cewa shi ya saka ba, ni ma ban taɓa yin godiya ba. Wata uku ke nan, har yau babu abin da ya leƙo daga ƙasar. Amma kullum da safe, kafin ya danna sakata, sai ya juyo ya tambaye ni da ƙarfi ko na ba su ruwa.